Wa ke gaya wa kwamfuta ƙarfe nawa? Amsoshin tambayoyinku kan agogon waya da kwamfuta

Saƙonnin da suka taru a wannan makon yawancinsu kan agogo suke, don haka na ware guda biyar da ke da alaƙa da juna. Ta biyu ce za ta ɗan ja mu, domin idan aka gane ta, sauran sun zo da sauƙi.

Tambaya: Malam, ina da gidan kallon ƙwallo a Gusau. Wasan Firimiya da muka saba sakawa ƙarfe 3 na yamma, sai kawai a ƙarshen Oktoba ya koma ƙarfe 4. Manhajar wayata ce ta rikice ko kuwa?

Manhajarka lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa. Ingila ce ke taɓa agogonta sau biyu a shekara. A Lahadin ƙarshe ta watan Maris suna tura shi gaba da awa ɗaya, su kira shi lokacin bazara, sai agogonsu ya zo daidai da namu. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma su dawo da shi baya, sai mu wuce su da awa ɗaya. Can a filin wasa ƙarfe 3 ɗin nan ce ba ta motsa ba. Mu ne ke ganin ta a ƙarfe 4, saboda Najeriya ba ta wannan tura-da-jawowa. Sai ka gyara allon da kake rubuta wa 'yan kallo, ka jira Maris.

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai koyon Linux a Zariya. Na shiga /usr/share/zoneinfo na ga ɗaruruwan fayiloli da sunayen birane. Na buɗe Africa/Lagos sai na ga tarkacen alamomi marasa kan gado. Mene ne wannan, kuma wa ya rubuta shi?

Ka taɓo inda ruwa yake. Da farko ka sani kwamfuta ba ta san ƙarfe nawa ba ne a Zariya. Abin da take riƙe da shi lamba ce guda: yawan daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 a agogon duniya, wato UTC. Wannan lamba ɗaya ce a Zariya da Tokyo da Makka. Duk lokacin da ka nemi a nuna maka lokaci, sai tsarin ya ɗauki lambar ya leƙa ɗaya daga fayilolin da ka gani, ya duba awa nawa zai ƙara ko ya rage. Wanda zai leƙa kuwa shi ne wanda /etc/localtime ke nuni gare shi.

Abin da ya sa ba ka iya karanta shi ba, gari ne aka riga aka niƙa. Hatsin yana wani waje. Akwai wani kundi da ake kira tz ko tzdata, wanda Arthur David Olson ya fara tarawa a shekarun 1980, Paul Eggert na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles yake jagorantarsa yanzu, kuma tun 2011 hukumar IANA mai kula da sunaye da lambobin intanet ce ke ajiye shi. A cikinsa akwai fayilolin rubutu zalla masu suna africa, asia, europe, northamerica da sauransu, waɗanda kowa zai iya buɗewa ya karanta. Injin niƙan kuma wata 'yar manhaja ce mai suna zic. Ita ke ɗaukar wancan rubutu ta mayar da shi ƙananan fayiloli, ɗaya ga kowane yanki, a tsarin da ake kira TZif. Idan ka sake duba tarkacen da ka gani, haruffa huɗun farko TZif ne.

Layukan da ke cikin hatsin iri uku ne rak: Zone, Rule da Link. Ga na Najeriya:

```
Zone Africa/Lagos 0:13:35 - LMT   1905 Jul 1
                  0:00    - GMT   1908 Jul 1
                  0:13:35 - LMT   1914 Jan 1
                  0:30    - +0030 1919 Sep 1
                  1:00    - WAT
```

Karanta shi daga sama zuwa ƙasa kamar tarihi. Layin farko na cewa kafin Yuli 1905 Legas na bin ranarta ne (LMT), minti 13 da daƙiƙa 35 gaba da Greenwich da ke Landan. Aka gwada GMT, wato agogon Greenwich, na shekara uku, aka koma, sannan daga farkon 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka tsaya kan rabin awa. Ranar 1 ga Satumba 1919 aka koma awa ɗaya cif, wato WAT, lokacin Afirka ta Yamma, kuma layin ƙarshe ba shi da ranar ƙarewa, wato har yau a nan muke. Wannan alamar (-) da ke tsakiyar kowane layi ita ce gurbin dokar tura agogo. Da yake ba mu da ita, sai aka bar shi fayau.

Masar kuwa tana da ita, kuma ga yadda ake rubutawa:

```
Rule Egypt 2023 max - Apr lastFri  0:00 1:00 S
Rule Egypt 2023 max - Oct lastThu 24:00 0    -
```

Ma'ana daga 2023 har illa masha Allahu, a Juma'ar ƙarshe ta Afrilu da tsakar dare a ƙara awa ɗaya, a Alhamis ɗin ƙarshe ta Oktoba a ƙarshen yini a cire ta. Aikin zic shi ne ta zauna ta lissafa ainihin daƙiƙar da kowane sauyi zai faɗa, ta jera su. A gindin fayil ɗin kuma tana ajiye wani gajeren layi da ke taƙaita dokar da za a ci gaba da bi bayan jerin ya ƙare. Kusan shi kaɗai ne ido zai iya karantawa. Gwada wannan:

```
tail -n 1 /usr/share/zoneinfo/Africa/Lagos
```

Za ka ga WAT-1, shi ke nan. Idan ka yi wa Europe/London haka za ka ga GMT0BST,M3.5.0/1,M10.5.0, wato dokar nan ta Maris da Oktoba da ta dami mai gidan kallonmu na sama. Kada alamar ragewar da ke WAT-1 ta ruɗe ka. A tsohuwar ƙa'idar POSIX da Linux ke bi juye take, gabas ke ɗaukar ragewa, shi ya sa Etc/GMT-1 ma yake nufin awa ɗaya gaba da GMT. Na sha ganin masu saita uwar garke sun zaɓi Etc/GMT+1 suna zaton sun zaɓi Najeriya, su wayi gari agogonsu ya kauce da awa biyu. Ka zaɓi sunan birni ka huta.

In kana son gwada niƙan da hannunka, sauko da kundin daga shafin IANA, ka warware shi, ka ba da umarnin zic -d /tmp/gwaji africa. Wannan -d ɗin muhimmi ne, don shi ke cewa a zuba garin a wani kwano dabam. In ka mance shi kuma kana da ikon shugaban tsari, za ka rubuta a kan fayilolin da kwamfutarka ke aiki da su. Akwai kuma abokiyar aikinta zdump mai buɗe abin da aka niƙa: zdump -v -c 2023,2025 Africa/Cairo zai jero maka duk sauyin da aka yi a tsakanin. Amma wannan don koyo ne. A na'urar aiki, bar masu rarraba Linux ɗinka su yi maka niƙan, kai dai ka riƙa sabunta kunshin tzdata. Sigoginsa shekara ce da harafi, kamar 2024a da 2024b, gwargwadon yawan gyaran da aka fitar a shekarar.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. Na zaɓi Niamey a kwamfutar ofishinmu, wata manhaja kuma tana nuna min Africa/Lagos. Kuma me ya sa ba a sa Kano ko Abuja ba?

Nau'in layi na uku ke nan, Link. Ƙa'idar masu kundin ita ce, wuraren da agogonsu bai taɓa saɓawa ba tun daga 1970 ana iya haɗe su a yanki ɗaya, a raɗa masa sunan birni mafi yawan jama'a a cikinsu. Girman jama'a ake dubawa, babu ruwansu da babban birnin ƙasa, shi ya sa Legas ta sha gaban Abuja, kuma Kano ba ta da nata tunda ba ta rabu da Legas a agogo ba tun 1970. Africa/Niamey da Africa/Douala suna nan, amma laƙabi ne da ke kai ka ga Africa/Lagos. Haka Africa/Accra take kai ka ga Africa/Abidjan tun 2021, lamarin da ya jawo cece-kuce sosai a tsakanin masana, domin wasu na ganin ana share tarihin ƙasashe na kafin 1970.

Cadi ta kuɓuta daga wannan haɗaka da wani ɗan dalili mai ban sha'awa. Ta taɓa tura agogonta gaba daga Oktoba 1979 zuwa Maris 1980, sau ɗaya tak, wannan ya ba Africa/Ndjamena yankinsa na kansa har gobe. Kai dai ka bar saitinka a Niamey. In wata rana gwamnatin Nijar ta sauya agogo, za a yanke laƙabin a ba ta nata yanki, kwamfutarka ta bi ba tare da ka taɓa komai ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Alƙahira. Tsohuwar wayata da na zo da ita daga gida tana yin baya da awa ɗaya duk bazara, alhali ta ƙawata ba ta yi. Na saita agogon da hannu, sai wasu manhajoji suka fara ba ni matsala.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wayarki na ɗauke da tsohon gari ne. An niƙa shi kafin 2023, lokacin da Masar ba ta tura agogo, don haka a saninta Alƙahira awa biyu take gaba da UTC duk shekara. Wayar ƙawarki ta samu sabon kundi. Daga Android 10 zuwa sama Google na iya turo wannan gyara ta hanyar sabuntawar tsarin Google Play ba tare da jiran kamfanin wayar ba. Tsofaffin kuwa sai kamfanin ya ga dama, kuma yawanci ya daɗe da mantawa da su.

Saita agogo da hannu shi ne kuskuren. Da kika tura shi gaba da awa ɗaya, abin da kika taɓa ita ce waccan lambar daƙiƙoƙin ta duniya, sai wayar ta ɗauka duniya gaba ɗaya ta yi gaba da awa guda. Manhajojin lambar sirri irin Google Authenticator suna sauya lamba duk daƙiƙa 30 bisa wannan lissafi, saboda haka lambobinki ba za su ƙara dacewa ba, kuma WhatsApp kan yi ƙorafi idan agogo ya kauce. Mayar da lokaci kan saiti na atomatik, ki duba ko akwai sabuntawa. In babu, ki kashe zaɓen yanki na atomatik kawai, ki zaɓi Riyad daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Saudiyya awa uku take gaba da UTC kuma ba ta motsi, daidai da lokacin bazarar Masar. Oktoba ta ƙare ki koma Alƙahira.

A nan ba na ɗora wa masu kundin laifi ko kaɗan. Masu aikin sa-kai ne da ke bin sanarwar gwamnatoci, kuma gwamnatoci ba sa tausaya musu. A 2016 Masar ta soke tura agogo kwanaki kaɗan kafin ranar da ta sanar. A Maris 2023 gwamnatin Lebanon ta ɗage nata saura kwana uku, saboda azumi. Wasu coci-coci da makarantu da gidajen talabijin suka ƙi bi, ƙasar ta kwana da agogo biyu na 'yan kwanaki, har gwamnati ta janye. Masu kundin suka fitar da 2023b don ɗagewar, cikin mako guda suka sake fitar da 2023c don warware ta. Tsakanin fitar da gyara da isarsa wayoyin jama'a kuwa akwai tafiya, saboda Android da Apple da Java da manhajojin lilo kowa da nasa kwafin da yake niƙawa, Windows ma nata jerin dabam take riƙewa. Maroko ta fi kowa ba su aiki: a 2018 ta zauna awa ɗaya gaba da GMT amma ta riƙa komawa baya a watan Ramadan, sai ya zama dole a yi hasashen watan azumi na shekaru masu yawa a rubuta layi-layi, a kuma gyara idan hukuma ta faɗi wata rana dabam. 'Yan'uwanmu na Sudan ma sun ɗanɗana a ranar 1 ga Nuwamba 2017, da Khartum ta ja agogonta baya daga awa uku zuwa biyu.

Tambaya: Na sa Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya. Duk lokacin da na fito daga Ubuntu na shiga Windows, agogo ya yi baya da awa ɗaya.

Wannan ba ruwan zic. Akwai ɗan agogo mai batir a jikin allon kwamfutar, su biyun suna raba shi. Ubuntu na rubuta UTC a ciki, Windows kuma na ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gida, sai awarmu ɗaya ta WAT ta salwanta a tsakani. A Ubuntu ka ba da umarnin timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka shiga Windows ka daidaita agogon sau ɗaya. Ubuntu za ta yi maka gargaɗi cewa wannan saiti na iya kawo matsala wajen sauyin lokacin bazara. A Najeriya ko Nijar gargaɗin bai shafe ka ba, sai dai in za ka tafi da kwamfutar ƙasar da ke tura agogo, to a nan gara ka mayar da shi 0 ka sa Windows ta koma bin UTC.