Rangwamen Black Friday: Hajiya, Lissafinki Ne Ya Karkace

Wata 'yar kasuwa daga Zariya, mai sayar da kuloli da tukwane a shago da kuma ta WhatsApp, ta aiko da tambaya. Ta ce saitin kular da take sarowa a kan naira 32,000 tana sayar da shi 40,000, wato ribar kashi 25 cikin 100. Bana tana son ta shiga rangwamen Black Friday, wato karya farashin da ake yi a ƙarshen Nuwamba, ta rage kashi 20 a kan duk kayan shagon na tsawon mako biyu, domin a lissafinta ribar kashi 5 za ta saura mata, yawan ciniki kuma ya cike giɓin. Har ta yi niyyar ɗaukar adashinta ta ƙaro kaya. Abin da take son sani shi ne, ta tsaya a kashi 20 ko ta kai 30 kamar yadda take gani a Instagram.

Hajiya, kafin mu je ga 20 ko 30, ki ɗauko biro. Ribarki a kan kowane saiti naira 8,000 ce. Kashi 20 na 40,000 kuwa nawa ne? Shi ma 8,000 ne, ba ragi ba ƙari. Kin auna ribarki da kuɗin sari, sannan kika auna rangwamen da kuɗin sayarwa, kika cire ɗaya daga ɗaya alhali mudun da kika auna su da shi ba ɗaya ba ne. Kashi 5 ɗin da kike ƙirgawa babu shi. Idan kika sayar a kan 32,000, kin yi wa dilan da ya sayar miki dako ne kyauta, kuma kuɗin motar da ta kawo kayan, da ladan yaron shago, da datar da kika ƙona wajen talla, duk daga uwar kuɗi za su fita. Idan kuwa kika kai kashi 30, saitin ya koma 28,000, kowane mai saye zai tafi da naira 4,000 daga jarinki, saiti hamsin kenan sun cinye 200,000. A irin wannan hali yawan ciniki ba ya cike giɓi, faɗaɗa shi yake yi.

Ko da ragin kashi 10 kawai kika yi, rabin ribar ya tafi, sai kin sayar da ninkin abin da kika saba kafin ki tsaya inda kike a da. Ki tambayi kanki ko kin taɓa yin makon da cinikinki ya ninka, kuma ko kina da littafin da zai nuna miki haka. Daga yadda kika rubuto, ina kyautata zaton a ka kike riƙe da komai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wato 32,000 ɗin kanta. Yaushe rabonki da tambayar farashin sari? Kuɗin da kika biya watanni huɗu da suka wuce tarihi ne. Ainihin kuɗin kayanki shi ne abin da za ki biya gobe idan kin koma kasuwa mayar da su. Na san wani bawan Allah mai sayar da kayan wuta a Kano, dutsen guga da butar dafa ruwa da fanka, wanda ya yi irin wannan rangwame a Nuwamban 2023. Shagon ya cika maƙil, har layi aka yi a bakin ƙofa, cikin kwana goma kantocinsa suka koma fayau, shi kuwa yana ta ɗaukar hoton kwalaye marasa komai yana ɗorawa a shafinsa. A lokacin dala tana wajen naira 1,100 a kasuwar canji ta Wapa. Ya riƙe kuɗin yana jiran ta sauko, sai ga shi a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Da ya koma sari, kuɗin da suka kwashe masa shago guda ba su cika masa ko kashi biyu cikin uku na kantocin ba. Ranar da na je wurinsa na tarar ya jera kwalayen nan da babu komai a ciki a saman kanta, don kada masu wucewa su ga shagon ya rame. Maƙwabcinsa da ya ƙi rage ko sisi, wanda aka yi ta yi wa dariya a Nuwamba, kayansa suna nan suna ƙara daraja a inda suke.

Ki kuma san waɗanda kike kwaikwayo. Black Friday al'adar Amurka ce, Juma'ar da ke bin bikin godiyar da suke yi ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, kuma da ita manyan kantuna ke buɗe cinikin Kirsimeti. Kamfanonin intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, su ne suka yayata ta a Najeriya, har ta tashi daga yini guda ta koma makonni. Irin waɗannan kamfanoni suna sasantawa da masana'antu tun kafin lokacin, suna karya farashin kaya ƙalilan masu adadi ƙayyadadde don su jawo jama'a, kuma a kan hajar ƙananan 'yan kasuwa da ke shafinsu kamasho suke karɓa, ko mai hajar ya ci riba ko ya faɗi. Duk da haka Jumia, wanda ya shiga kasuwar hannayen jari ta New York a 2019, ya shafe shekaru yana bayyana asara a rahotanninsa, masu zuba jari ne ke ɗauke da nauyin. Ke kuwa mai zuba miki jari ita ce uwar adashi, kuma ranar zubi ba ta karɓar labarin yawan ciniki.

Ban ce ki zauna ki naɗe hannu ba. A shagonki tabbas akwai kayan da suka yi kwantai, tukunyar da launinta ya fita yayi, ko saitin da murfi ɗaya ya ɗan goge. Waɗannan su ne na rangwame, domin kuɗinki ne ke kwance a cikinsu, kuma fitar da su ko a kan uwar kuɗi ya fi barin su suna shan ƙura. Ki ware su, ki ƙirga su, ki faɗi adadinsu da ranar da ragin zai ƙare, kuma a biya hannu da hannu, saboda 'yan'uwa da ƙawaye za su zo neman farashin rangwame a kan bashi, har a watan Janairu. Kulolin da ke tafiya da kansu kuwa kada ki taɓa farashinsu, ballantana a wannan lokaci na kaka, da manoma suka sayar da amfanin gona, iyayen amare kuma suke haɗa kayan ɗaki. Mai sayen saitin 40,000 ki yi mata gyara da ludayi ko matacin shayi na 1,500, za ta tafi tana murna, ke kuma 6,500 ta tsira a hannunki. Sai dai kada ki bi masu ɗaga farashi a Oktoba su sauke shi a Nuwamba su kira shi ragi. Ha'inci ne, kuma abokan cinikinki na WhatsApp suna ajiye hotunan tsohon farashi.

Adashin nan ki bar shi inda yake. A wannan makon ki kira dilanki ki ji farashin yau na kowane kaya, ki rubuta shi a littafi, a gefensa ki sa kuɗin mota da na dako, a gefe na uku kuma farashin da kike sayarwa. Duk kayan da ragin zai sauko da shi ƙasa da jimillar biyun farko, ki cire shi daga tallar. Idan kin gama ki aiko mini da shafin, mu duba tare kafin Nuwamba ta kama.