Yaya, tashar nan ba ta gwamna ba ce

Yaya, ka tambaye ni wane gwamna ne yake da tashar talabijin ɗin da ɗanka yake yi wa aiki a nan Manchester, wai ko ta hannun wani babba ya samu shiga. A nan ba haka ake yi ba. Tashar yanki dukiyar 'yan kasuwa ce, ana sayenta ana sayarwa.

Sidney Bernstein, wani mai gidajen silima, shi ya kafa Granada, wato tashar da kake tambaya a kai, ta fara watsa shirye-shirye a watan Mayun 1956 ga mutanen arewacin Ingila. A 1968 aka yanke mata gabashin yankin aka ba tashar Yorkshire. Ba ta manta ba. Da doka ta sassauta sai ta shiga haɗiye 'yan'uwanta: LWT ta Landan a 1994, ita Yorkshire ɗin tare da Tyne Tees a 1997, Anglia da Meridian a 2000. A 2004 ta haɗe da wani kamfanin talabijin, Carlton, aka samu kamfanin ITV, sunan Granada kuma ya kusa ɓacewa, sai a labaran yanki na ƙarfe shida na yamma. Tsofaffin garin nan har gobe Granada suke cewa.

Kuma kai da kake yi mana gorin talabijin ɗin Turawa, ka san da hannun wannan kamfani a gidan rediyo da talabijin na Kaduna? Shi da EMI, wani kamfanin Ingila, gwamnatin Sardauna ta haɗa gwiwa da su aka buɗe shi a 1962. Wanda Baba yake manne wa kunne bayan sallar isha, ya hana mu ko tari.

Amma na san ba tashar ce ta dame ka ba, matar da ya auro a wurin aikin ce. Eh, Baturiya ce. An biya sadaki, liman ya ɗaura, an raba goro da dabino, ubanta yana zaune cikin babbar rigar da na ara masa, hannun rigar sai zamewa yake yana gyarawa. Tana durƙusawa ta gaishe ni, ba ta taɓa kama sunana ba. Hausarta a karye take, ban musa ba, miyar kukarta ma sai a hankali.

Abin da yake min ciwo shi ne duk wanda ya kira daga gida sai ya ce, "Yaran suna jin Hausa kuwa?" kafin ma ya tambayi lafiyarsu. Suna ji. Amsawar ce sai sun ga dama, ranar Asabar kuma suna islamiyya. Idan mun zo da babbar sallah, don Allah ka ja kunnen yaran gida su daina kiransu 'yan Ingila, ƙaramar tana jin haushi, har kuka take yi.