Muryar Baba ta dishe wata 4, ga kumburi a wuya, su Bappa sun hana a yi masa gwajin allura

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, daga Kumo nake rubutowa. Mahaifinmu ne shekararsa 61, muryarsa ta dishe yau wata 4 kenan, da farko mun ɗauka mura ce, har wanzami ya cire masa beli, mun sha siyo antibayotik a kemis amma shiru. Yanzu kuma wani kumburi mai tauri ya fito masa a gefen wuya, baya masa zafi. A asibiti sun ce zasu zura masa kyamara ta hanci su kuma ɗebi wani abu a kumburin da allura, to su Bappa sun hana wai in daji ne baya son allura. Ya sha sigari sama da shekara 30 amma ya daina. Dan Allah meye gaskiyar magana?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Gaskiyar magana ita ce ki yi duk yadda zaki yi a yi wannan gwajin cikin satin nan, kar a kai wani watan. A wajenmu likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, duk muryar da ta dishe ta wuce sati 3 bata dawo ba dole a leƙa a gani, balle dattijon da ya daɗe yana shan sigari ga kuma kumburi mai tauri. Kuma rashin zafin nan da yake kwantar muku da hankali ni shi ya fi tada min nawa, dan kaluluwar da ciwon haƙori ko gyambo ya jawo tana zafi ne ta yi kwanaki ta sace, ita kuwa wadda kansa, wato ciwon daji, ta shiga sai ta yi tauri kamar ɗanyen goro tana ƙaruwa shiru shiru.

Abinda muke kira kansar kai da wuya ba ciwo ɗaya bane, suna ne da ya haɗa kansar baki da harshe da dasashi, da ta maƙogwaro da akwatin murya, da ta cikin hanci da bayan hanci, da ta inda ake samar da yawu. Ta ƙwaƙwalwa bata ciki duk da a kai take. Kusan 9 cikin 10 daga tantanin nan mai danshi da ya shimfiɗe cikin baki da maƙogwaro suke farawa, wato daidai inda hayaƙin sigari da taba gari da giya suke bi suna goga shekara da shekaru, in mutum ya haɗa sigari da giya kuwa haɗarin ninkuwa yake. Daina shan da Baba yayi ya taimake shi ƙwarai, sai dai haɗarin a hankali yake sauka. Akwai kuma waɗanda basu taɓa saka kara a baki ba, sau da yawa nasu ƙwayar bairos ce ke jawowa, HPV a maƙogwaro, Epstein-Barr a bayan hanci, ita kansar bayan hancin tana cikin waɗanda muka fi gani a nan arewa, har a matasa, tana zuwa da haɓo da toshewar hanci ko kunne gefe ɗaya.

Toh maganar su Bappa. Kar ki raina ta, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sun ga abinda suka gani ne. Sau nawa ake kawo min mutum ya naɗe wuya da rawani ko ƙaramin tawul a tsakiyar zafin watan Afrilu, in ya kwance sai ka ga tabon sakiya biyu uku, an shafe wurin da baƙin magani, kumburin ya fashe ya zama gyambo yana ruwa, 'yan uwa su ce ai tunda ƙarfe ya taɓa shi ya haukace. Eh, tsaga kumburin kansa da aska ko sakiya yana ɓata shi, mu kanmu a asibiti bama yarda a yanke kumburin wuya haka kawai ba a nemo tushensa ba. Amma allurar gwaji daban ce, siririya ce bata fi wadda ake ɗiban jini da ita ba, minti kaɗan an gama, ɗan abinda aka zuƙo a shafa a gilashi a duba a maikroskof. Bata tayar da ciwo. Abinda ke sa a ga kamar allura ce ta kashe mutum shine sai an gama zagaye gun masu magani wata takwas, shekara, ciwo ya ci ya cinye sannan a zo asibiti, in rai yayi halinsa sai laifi ya koma kan allura.

Kuma kinsan ba kowane kumburin wuya bane kansa. Tarin fuka yana kama kaluluwar wuya sosai a yankinmu, har akwatin murya yana kamawa, maganinsa na wata 6 kyauta ake bayarwa. Kinga in shi ne, ƙin gwajin ya hana Baba maganin da zai warkar da shi.

Kyamarar ma ba abin tsoro bace, kamar siririyar igiya take, ana fesa maganin kashe zafi a hanci a zura ta yana zaune a kujera idonsa biyu, a ga jijiyoyin muryar ƙarara. In an ga wani tsiro sai a ɗan gutsira a kai gwaji, a ɗauki hoton cikin wuyan da na'urar sikanin ta CT a ga iyakar inda ya kai. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na ATBU a Bauchi duk suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, daga Kumo kuwa Gombe ba nisa.

In ta tabbata kansa ce, ana maganinta kuma ana warkewa. Ta akwatin murya in an kama ta tun tana kan jijiyar murya kaɗai, kusan 9 cikin 10 suna warkewa kuma da muryarsu. In ta sauka kaluluwar wuya ta ɗan yi gaba, aikin ya fi yawa, akan haɗa tiyata da gashi (wato gasa wurin da hasken na'ura) ko gashi da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa), amma har a nan muna yi ne da niyyar warkarwa. Gashin ba wuta ake saka wa mutum ba kamar yadda ake faɗa a gari, na'ura ce ke haska wurin na 'yan mintuna, kwana 5 a sati har sati 6 zuwa 7, galibi sai an tura mutum babbar cibiya irin Asibitin Ƙasa na Abuja. Da wahala ba zan ɓoye miki ba, baki yana bushewa, haɗiya tana zafi, shi yasa ake duba haƙora kafin a fara, kuma tun yanzu ku dage masa da kunun gyaɗa da madara da ƙwai kar ya rame.

Shawarata kar ki tsaya musu da su Bappa a gida, ke 'ya ce bazasu ji daga bakinki ba. Ki roƙi babban cikinsu ya raka Baba asibiti da kansa, likita ya nuna masa allurar ya riƙe a hannu ya gani, na sha ganin dattijon da ya shigo da faɗa shi ne kuma ya riƙe kan ɗan uwansa aka yi gwajin. Amma in kika ji numfashin Baba ya fara ƙara kamar usur, ko baya iya kwanciya sai a zaune, ko ruwa yana sarƙe shi, wannan kar ku jira shawarar kowa ko da tsakar dare ne, ku wuce da shi imajensi kai tsaye.