Amsa: Ƙwan dinaso ne, ko dutse ne kawai?

Malam, na ga hoton mulmulallen dutsen da ka tsinto a gona wajen Zariya, kana tambaya ko ƙwan dinaso ne, wato dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare. Sai haƙuri, ba shi ba ne. Na daɗe ina aikin duwatsu tare da masu haƙar rijiyar burtsatse, irin wannan kuwa an sha ciro mini shi daga aljihu ana washe baki.

Ni kafin in taɓa dutse sai na tambayi inda ya fito. Ƙwai da ƙasusuwan dinaso ana samunsu ne inda yashi da laka suka kwanta hawa-hawa har suka daskare. Duwatsun Zariya irin su Kufena kuwa narkakken dutse ne ya huce, babu ƙashin da zai tsira a ciki. Naka curin marmara ne, jansa ma ya nuna. Ƙwai na gaske yana da ɓawo siriri wanda ya bambanta da abin da ke ciki, galibi duk ya tsattsage.

Ƙashi ya fi ruɗar mutane. Kada siffa ta ja ka, ruwa da iska suna sassaƙa dutse ya fito sak gwiwar raƙumi. Nemi inda ya karye, ka haska shi da fitilar waya. Za ka ga bayansa a cure, da zare-zare masu bin tsawonsa, tsakiyar kuma ƙananan ramuka ne kamar soso, ko da ma'adini ya cike su zanen yana nan. Ramukan marmara manya ne, barkatai, ciki da waje duk ɗaya. Wasu kan ɗora harshe, in ya ɗan manne su ce ƙashi ne. Yana aiki, amma busasshen yumɓu ma yana mannewa, don haka ban ɗauke shi hujja ba. In kuwa ramukan sun fito amma abin shafal yake a hannu, to wataƙila ƙashin saniya ne da rana ta gasa.

Mai son ganin na gaske ya nufi jihar Agadas. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono dinaso mai suna Ouranosaurus tun shekarun 1960, can kuma aka samo wani, Nigersaurus, mai haƙora kusan 500, wanda masani Ba'amurke Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999. Akwai ƙasusuwan dinaso a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. A yankin Sakkwato ma ana samun ƙasusuwa, sai dai yawanci na halittun teku ne. Ɗaya daga cikinsu, Goronyosaurus da ya ci sunan Goronyo, ba dinaso ba ne.

In Allah Ya sa wata rana ka ci karo da na gaske, don Allah kada ka sa masa diga. Ajiye makulli a gefensa don a gane girmansa, ka ɗauki hoto, ka riƙe wurin a ka, ka kai hoton ga malaman ilimin duwatsu a jami'a mafi kusa.