Amsa kan filash mai batir a waje: kafin ka sayi babba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, barkanmu da warhaka. Na ga tambayar da ƙanenmu ya ajiye tun da safe. Ya ce ya je ɗaukar hotunan kafin biki a waje, in ya gyara fuska sai sama ta yi fari fat, in ya gyara sama sai ango da amarya su yi duhu, wai ko ya tara kuɗi ya sayi AD600 ne, wato babban filash ɗin nan mai batir. 

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ke damunka ba ƙarancin ƙarfi ba ne, so kake ka gyara haske biyu a lokaci guda. A waje akwai na rana, wanda ba ka da iko da shi, akwai na filash, wanda ke hannunka. Ɗaya bayan ɗaya ake yi musu.

Fara kashe filash ɗin gaba ɗaya. Ka sa mutanen su ba rana baya, don kada su riƙa kanne ido. Kyamara a manuwal, ISO 100, shota 1/200 ko 1/250, ya danganta da kyamararka. Sai ka yi ta rufe afaca, wato ƙofar da haske ke shiga lens, har sama ta fito da shuɗinta. Da tsakar rana hakan zai kai ka wajen f/11. Fuska za ta yi baƙi ƙirin a allo, kada ka damu, haka ake so. Yanzu ne za ka kunna filash, ka fara da 1/4 na ƙarfinsa, ka ɗauka, ka duba, ka ƙara ko ka rage. Kyamarar kuma ka gama da ita, kada ka sake taɓa ta. Ka gane?

Dalilin tsayawa a 1/200 ɗin nan, in ka wuce shi baƙin layi zai yanke maka hoto, don labulen shota na biyu ya riga ya fara rufewa lokacin da filash ya tashi. Eh, na san akwai HSS, saitin da ke barin filash ya yi aiki da shota mai sauri, har 1/8000 yana kai ka, kuma yara na son sa saboda a buɗe lens baya ya narke. Amma a HSS filash ba sau ɗaya yake tashi ba, ɓarin haske yake ta yi a jere, sai ƙarfin ya zube, batir ya zube, kan filash ɗin ya ɗau zafi. Ni na fi son gilashin ND, wato mai rage haske, mai sitof uku (kowane sitof rabi yake rage hasken) a gaban lens: f/11 ɗin nan sai ya koma f/4, shota na nan inda take.

Yauwa, ga inda nake so ka buɗe kunne. Haske in ka ninka nisansa, ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Haka in ka raba nisan biyu, ninki huɗu za ka samu. To lissafa da kanka. AD200, ƙaramin ɗan uwan AD600, ƙarfinsa 200, AD600 kuma 600, ninki uku ke nan. Amma sitan ɗin fitilar da ka kafa a mita uku, in ka jawo shi mita ɗaya da rabi ka samu ninki huɗu, ko sisi ba ka kashe ba. Yawancinmu can nesa muke kafa fitila kamar muna jin kunyar amarya, sannan mu ce fitilar ce ba ta da ƙarfi. Matso da ita har bakin firem, in ƙafar sitan ta ɗan shigo ka goge ta a edita. Ƙari kuma, sofbos, akwatin nan na tausasa hasken filash, in ya matso hasken ya fi laushi a fata.

Ban ce AD600 ba shi da amfani ba fa. Ranar da aka jera maka dangi ashirin a filin ɗaurin aure ƙarfe ɗaya na rana, ba halin matsowa, dole fitila ta ja baya don ta game kowa, a nan babba ke cin kuɗinsa. Sai dai nauyinsa wajen kilo uku ne, ban da sitan da sofbos. Ka hau Dutsen Dala da shi ka ba ni labari. Don mutum biyu, AD200 ya ishe ka.

TTL kuma, wato saitin da kyamara ke auna ƙarfin filash da kanta, ka yi hattara da shi a kayanmu. Ango ya sha farar shadda, kyamara ta ga fari ya cika ido sai ta rage haske, fuska ta mutu. Amarya ta sa leshi mai duhu sai ta ƙara, kwalliya ta ƙone. Manuwal ba ruwansa da kalar kaya. Fitilar ka sa ta gefe, ta ɗan ɗara ido tsawo kaɗan. In ta yi sama da yawa ɗaurin ɗankwali ko mayafi zai jefa inuwa a ido. Kuma a riƙe hankici kusa, goshi mai gumi ƙyalli yake yi ko da wace fitila.

Batun batir. Masu ƙaramin filash mai cin AA huɗu, ku rabu da batirin kanti, jira za ku yi ta yi tsakanin hoto da hoto. Ku nemi masu caji irin Eneloop, seti biyu ko uku, kuma kada a haɗa tsoho da sabo. Kada ka yi ta harbi a 1/1, wato cikakken ƙarfi, ba hutu, wajen talatin a jere filash ɗin zai yi zafi ya ja maka birki, ana tsaka da aiki. AD200 masu shi sun ce yana ba da wajen 500 a cikakken ƙarfi, amma duk da haka batir na biyu ya fi maka sabon lens amfani. Da an kawo wuta ka sa caji, kada ka ce sai dare. Kuma don Allah kada a bar batirin lithium a but ɗin mota cikin zafin Maris da Afrilu. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi.

Iska kuma, musamman da hunturu, laimar filash ba ta da amana, ɗan kaɗawa kaɗan ta kifar da sitan da fitila. Sa yaronka ya riƙe, ko ka rataya jakarka a ƙafar sitan.

In kuma kana da ta cewa kan lokaci, ja su zuwa bayan la'asar sakaliya. Rana ta yi sanyi, ko ƙaramin filash a 1/8 zai yi maka aiki. In ta kusa faɗuwa ka manna ledar nan ta canja kalar haske, ruwan lemo, a kan filash, in ba haka ba baya zai yi ja, fuska ta yi fari-shuɗi.

Gobe ka samu wani ya tsaya maka ka gwada yadda na ce, ka turo hoton nan gurup tare da saitin da nisan fitilar, mu duba tare. Sai na ji ka.