Yaya, na kalli katun ɗin nan tun daga farko har ƙarshe

Wa'alaikumus salam Yaya. Kin ce ɗanki ya je wurin masu turi a kasuwar Maigatari an saka masa Steven Universe a waya, kuma an gaya miki wai katun ne na masu sauya jinsi, ko ki goge. Ni na kalle shi kaf, kusan duka tare da 'yar yayata da nake riƙo a nan ƙauyenmu, wajen Gumel, mafi yawa da dare bayan an karɓo wayar daga caji.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar tana da tushe. Rebecca Sugar ce ta ƙirƙiro shi a Amurka, tashar Cartoon Network ta fara nuna shi a 2013, ya ƙare a 2019. Ita kanta ta faɗa a 2018 cewa ba ta ɗaukar kanta mace zalla ko namiji zalla. A shekarar ce kuma aka nuna ɗaurin auren wasu biyu a cikin katun ɗin, Ruby da Sapphire, waɗanda duk siffar mata gare su. Wannan kam ki sani tun yanzu.

Amma kan labarin maraya ne. Uwar Steven, Rose, ta bar duniya ne don a haife shi, ya gaji dutsenta mai daraja, wanda shi ne tushen halittarta, a cibiyarsa. Ƙawayenta uku ke rainonsa, ubansa kuwa wankin mota yake yi, a cikin motarsa yake kwana. Da dangin uwar suka gano shi, sai suka ƙi yarda yaro ne mai zaman kansa. Da sunan uwarsa suke kiransa, suna ce masa "ke". A kashi na ƙarshe babbarsu ta cire dutsen daga cikinsa don ta fito da 'yar uwarta, sai ga shi Steven ɗin ne dai ya fito. Nan ne masu sauya jinsi suke cewa sun ga kansu: mutum ya faɗi sunansa, gida ya ƙi kiransa da shi.

Yarinyar da nake riƙo ba wannan ta gani ba. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, aka mayar mata da sunan, muna ce mata Ummi. Komai ta yi, kakarta sai ta ce "uwarki ba haka take ba." Tuƙin tuwo ma sai an auna shi da na marigayiya! Ranar da muka kalli kashin nan muna kan tabarma a tsakar gida, ta ajiye ƙwaryar gyaɗar da take ɓarewa ta ce, "Anti, ni ma haka ake min." Shekararta goma sha ɗaya, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba sai ranar. Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma ina cikin masu faɗa.

Idan ɗan naki bai wuce shekara bakwai ko takwas ba, faɗa da waƙoƙin kawai yake bi, Turancin ma bai ishe shi ba. Idan ya girmi haka, gogewa ba za ta hana shi komawa wurin mai turi ran Alhamis ba. Yawanci kashi ɗaya minti goma sha ɗaya ne. Ki zauna ki kalli biyu ko uku da shi, ki tambaye shi wa ya fi so a ciki da dalili, inda ya saɓa wa tarbiyyar gidanku ki faɗa masa da bakinki. Ni na tsallake wa Ummi kashin auren, na kuma gaya mata na tsallake.