Tafiyar Cape York da iyali: batun ƙetare rafi da kadoji

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Muna zaune a Townsville, jihar Kwinsland ta Ostireliya, ni da maigidana da yara uku, ƙaramar shekararta huɗu. Ya ƙuduri niyyar mu tafi Cape York, can ƙuryar arewacin ƙasar, a hutun makaranta na Satumba da motarmu Prado, muna kwana a tanti har mu kai ƙarshen ƙasa. Mun saba zango a daji, mun kuma iya tuƙi cikin yashi. Abin da ke hana ni barci shi ne ya ce sai mun bi tsohuwar hanyar tangaraho mai rafuka. Ya sa wa motar bututun shaƙar iska, ya ce yanzu ba ruwan da zai tsayar da ita, kuma duk rafin da muka iso zai sauka ya taka da ƙafa ya ji zurfinsa. Da na yi maganar kada sai ya ce a bakin kogi ya tashi a Yauri, ya san halin kada, kuma na nan ƙasar a teku suke, ba sa hawowa ruwan daɗi. Don Allah tsorona yana da tushe, ko in yi shiru?

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malama. Kar ki yi shiru. Tsoronki yana da tushe, kuma cikin abubuwa uku da maigidanki ya faɗa babu wanda zan sa wa hannu.

Ita tafiyar kanta ba na hana ku. Daga Cairns zuwa Pajinka, wato tsinin ƙarshen ƙasar, kimanin kilomita 1,000 ne, kuma kowane rani iyalai da yara ƙanana suna yin ta su dawo lafiya. Tun 1928 wasu 'yan Niyu Zilan biyu suka kai can da 'yar ƙaramar mota Austin 7. Yau babbar hanyar da ta bi ta Lakeland, Laura, Musgrave, Coen da Archer River an zuba wa sassa da dama nata kwalta, sauran burji ne mai gargada da ramukan ƙura. Kogin Jardine da jirgin fito ake ƙetare shi, da rana kawai yake aiki, don haka ku isa da wuri. Satumba ƙarshen rani ne a can, ruwa ya ja, amma zafi ya fara. Tunda kun saba daji ba zan koya muku haɗa kaya ba. Safaya taya biyu, a rage iskar taya in an sauka daga kwalta, ruwan sha fiye da lissafinku, a daina tuƙi kafin magariba saboda shanu da namun daji. Sabis na waya sai a garuruwa, shi ma ba kowane layi ba, saboda haka ku ɗauki ƙaramar na'urar nan ta kiran ceto da ke aiki da tauraron ɗan adam, ku yi mata rajista da sunanku. Izinin kwana a gandun dajin gwamnati kuma ku saya tun kuna gida. Tsarin yana ba ni haushi, domin ta intanet ko waya ake biya, alhali wurin da za ka kwana babu ko ɗaya, amma haka dokar take.

Bututun shaƙar iska aikinsa ɗaya ne, ya ɗaga inda injin ke jan numfashi. Bai rufe na'urorin lantarki ba, bai hana ruwa shiga giya da aksul masu zafi ba, bai hana fanka lanƙwashewa cikin ruwa ta yanki lagireto ba. Zurfin da kamfanin ya amince wa Prado santimita 70 ne, kuma sa bututu bai canza wannan lambar ba. Akwai abin da ya fi lalacewar injin muni. A 2016 masu bincike a Jami'ar New South Wales sun gwada motoci na gaske cikin ruwa. Nissan Patrol mai nauyin tan biyu da rabi, ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 45 ba ya iya ture ta, a santimita 95 kuwa ta tashi tana yawo a kan ruwa. Da zarar tayoyi sun rabu da ƙasa, jan ƙafa huɗu ba shi da sauran amfani. Rafin Nolan's Brook da ke arewacin hanyar tangarahon ya shahara da nutsar da motoci, ƙasansa yashi ne mai laushi, kuma galibin motocin da ake jawowa daga cikinsa suna da wannan bututun. Ku duba takardar inshorarku ma, ku ga abin da ta ce game da shiga ruwa da gangan.

Mota dai in ta mutu ana sayen wata. Maganar kada ce nake so ki karanta masa a tsanake, domin kusan duk wanda ya zo mini da shirin wannan tafiya da irin wannan fahimtar yake zuwa, kuma na gaji da jin ta.

Kadan arewacin Ostireliya yana shiga teku, gaskiya ne, amma gidansa koguna ne da fadamu da tafkuna. Macen a fadamar ruwan daɗi take yawan gina sheƙarta ta zuba ƙwai. Manyan maza suna korar ƙanana daga bakin teku, su kuma su haura sama suna neman inda za su mallaka. A damina, in ambaliya ta haɗe rafuka da gulabe, sukan bi ruwa su shiga lungunan da ba a zata ba, rani ya yi ya bar su a kududdufin da za ka rantse ko kifi babba babu. A 2018 ma'aikatan daji sun kama ɗaya mai tsawon mita 4.7 da nauyin kilo 600 a kogin Katherine, sama da kilomita 300 daga teku. Kogin Wenlock, wanda za ku haye ta gada a Moreton, yana cikin wuraren da kadoji suka fi hayayyafa a Kwinsland. Jardine cike yake da su, kuma ruwan rafukan arewacin hanyar tangarahon cikinsa yake gangarawa.

Yawansu ma ba kamar da ba ne. An farauce su saboda fata har suka kusa ƙarewa, sannan aka hana kashe su, a Yankin Arewa (wato Northern Territory, maƙwabcin Kwinsland) a 1971, a Kwinsland a 1974. A Yankin Arewa sun tashi daga kusan 3,000 zuwa kusan 100,000. A Kwinsland ƙiyasin gwamnati tsakanin 20,000 ne da 30,000. Waɗanda aka ƙyanƙyashe bayan dokar yanzu sun riƙa. Saboda haka in wani dattijo ya ce muku shi ya yi iyo a wuri kaza yana saurayi, gaskiya ya faɗa, amma ruwan da ya shiga a lokacin ba shi ne na yau ba.

Ban raina tashin maigidanki a Yauri ba. Mutanen kogin Kwara sun san ruwa, Sarkawa kuma suna da ilimin da ya cancanci girmamawa. Sai dai dabbar da ya sani ba ita ce wannan ba. Kadan da ya fi yawa a Afirka ta Yamma jinsi ne daban, ƙarami, mai sauƙin kai, shi ya sa a Paga ta ƙasar Gana ake kiransu su fito, baƙi su riƙe musu wutsiya a ɗauki hoto. Na Ostireliya shi ne mafi girma cikin duk masu jan ciki a duniya, namiji yakan wuce mita biyar, yana kama saniya da ɓauna, kuma mutumin da ke tsaye a ruwa zuwa gwiwa abinci ne a wurinsa. Yana iya kwanciya a ƙarƙashin ruwa fiye da awa guda, a zurfin da bai kai ƙugu ba, ba kumfa ba motsi. Sanin da maigidanki ke taƙama da shi, shi ne zai sa ya matsa kusa da inda baƙon da bai san komai ba zai ja da baya.

Shawarar a sauka a taka rafi kafin a shigar da mota daidai ce a kudancin ƙasar, inda babu kada. Masu bidiyo ne suka kwaso ta suka baza ba tare da sun faɗi iyakarta ba. Za ku iske mutane a hanyar tangarahon suna takawa, wasu ma da yaransu, kuma yawancinsu za su fito lafiya. Wannan fitowa lafiyar ita ke raya ƙaryar, domin wanda ya tsira shi ke dawowa ya ba da labari. A mashigin Cahills da ke gandun dajin Kakadu a Yankin Arewa kada ya kashe mutum a 1987, ya sake kashe wani a Janairun 2017 yana ƙoƙarin ƙetarewa da ƙafa. A Afrilun 2023 wani mai otel daga garin Laura, mutumin da ya shafe shekaru yana kamun kifi a yankin, ya ɓace a bakin ruwa a Kennedy Bend cikin gandun dajin Rinyirru, aka samu gawarsa a cikin kada. A Agustan 2024 wani likita da ke yawon zango da matarsa da 'ya'yansa, kamar yadda kuke shiri, gaɓa ta zabtare da shi a kogin Annan kusa da Cooktown, kada mai kusan mita biyar ya ɗauke shi. Bayan haka aka ga bidiyon mutane suna jefa wa kada abinci a wannan wurin. Masu yin haka don neman mabiya a Facebook da TikTok suna koya wa dabbar cewa inda mutum yake nan abinci yake, kuma wani bawan Allah ne ke biyan kuɗin.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, wanda allunan gargaɗi ba su rubuta ba, wato alwala. Kada yana lura da al'ada. In ya ga abu yana zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya, sai ya matso ya jira. Mutumin da ke tsugunawa a bakin rafi da asuba, ya dawo da magariba, ya sake dawowa gobe, kansa a sunkuye hannuwansa cikin ruwa, ya cika duk sharuɗɗan, kuma a lokutan da kada ya fi farauta. Alwala da buta za ku yi, daga jarka, kusa da mota. In ruwa ya yi ƙaranci, malaman fiƙihu sun ambaci tsoron namun daji a wurin ruwa cikin uzurorin taimama. Wanke-wanke da wanki ma haka, kar a aiki yaro ɗebo ruwa ko da kuna kallonsa. In dole sai an ɗiba, a ɗaura igiya a bokiti a jefa daga tudu, gobe kuma a canza wuri.

Ƙa'idar hukumar Kwinsland ita ce a tsaya aƙalla mita biyar daga bakin ruwa, tanti kuma a kafa shi aƙalla mita 50 daga gaɓa, sannan mita biyu sama da inda ruwa ke kaiwa in ya cika. Kar a gyara kifi a bakin ruwa, kar a bar ragowar abinci a zango. Wannan mita hamsin ɗin ba ƙa'idar ofis ba ce kawai. A Oktoban 2004 a Bathurst Bay, nan cikin Cape York, kada mai mita 4.2 ya fito cikin dare ya shiga tanti ya jawo wani magidanci, matarsa da jaririnsu suna ciki. Wata dattijuwa mai shekara 60 ce ta faɗa bayan kadan, ya juyo ya karya mata hannu, kafin ɗanta ya harbe shi. Daga Satumba kuma lokacin barbararsu ke farawa, sun fi yawo da faɗa.

In akwai laya ko wani maganin ruwa da aka ba shi daga gida, ina roƙonsa kar ya gwada shi a nan. Wanda ya ba shi bai taɓa ganin wannan dabbar ba, kuma ba zai kasance a bakin rafin ba ranar da za a gwada. Addu'ar tafiya ku yi ta, ku yawaita, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ran yara uku amana ce a hannunsa.

Ga abin da za ki kai masa a madadin hanyar da ya zaɓa. Daga Bramwell Junction, inda hanyar tangarahon ta fara, akwai hanyar zagaye da ke kaiwa har mashigin jirgin fito na Jardine ba tare da an tsoma motar cikin manyan rafukan ba. Daga kanta ana iya ratsewa a je Gunshot, wani mashigin rafi mai gangare sosai a hanyar tangarahon, a tsaya a tudu a kalli masu gangarawa, yara za su ji daɗin kallon. Magangarar ruwa ta Fruit Bat Falls ma 'yar ratsewa ce kaɗan, nan ne jama'a ke wanka, amma ku karanta allon da ke wurin, ku tambayi ma'aikatan daji halin da ake ciki a makon. In kun iso ruwan da ba makawa sai an shiga, ku tsaya nesa injin ya huce, ku jira wata mota mai tsayin taku ta wuce ku ga inda ruwan ya kai mata da layin da ta bi. A ɗaura igiyar ja tun kafin a shiga, a sauke gilasai, a shiga da ƙaramar giya ba tare da canji ko tsayawa a tsakiya ba, kuma sai akwai mota ta biyu a shirye a tsallake. In babu kowa a wurin kuma ba ku ga ƙasan ruwan ba, ku juya.

Malam, in wannan amsa ta iso gare ka, uwargida ta fi ka gaskiya a wannan karon. Ka nemi wani iyali ku yi ayari da mota biyu, ka bar wa wani amintacce a Townsville jadawalin inda za ku kwana kowace rana da ranar da zai kira 000, lambar kiran gaggawa, in bai ji daga gare ku ba. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.